Yadda Ake Shirya Tafiyar Keke ta Ayari Haɗe da Gayyar Gina Gida

A Amurka an daɗe ana haɗa doguwar tafiyar keke da aikin sa-kai na gina gidaje, inda matasa ke ɗaukar makonni suna ratsa ƙasar a kan kekuna, su yada zango a wasu garuruwa su yini suna aiki a gidajen da ƙungiyoyi irin su Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976, suke gina wa marasa ƙarfi. A wurinmu rabin al'amarin sananne ne, domin tun kaka da kakanni ake kiran gayyar yaɓe da rufin ɗaki. Matasan Kaduna da ke son gwada wannan tsari su fara shirinsu daga wajen ginin, saboda shi ne zai ƙayyade ranar tashi da yawan mutanen da za su tafi.

Da farko a nemo gidan da za a yi wa aiki, kuma ta hannun mai unguwa ko dagacin wurin ake nemansa, tare da limami da dattawan da suka san wanda ruwan damina ya rushe wa ɗaki kuma ba shi da halin tayar da shi. A tabbatar fili na mai gidan ne ba tare da rigimar gado ko ta iyaka ba, kuma idan sabon gini ne a cikin gari, a bincika batun izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, tun da wuri. Shawarata ita ce a tsaya kan ɗaki ɗaya ko biyu da makewayi, domin ɗakin da aka rufe aka sa masa ƙofa ya fi wa mai shi amfani nesa ba kusa ba a kan gida guda da aka bari a linta.

Daga nan sai a ɗauki magini da kafinta 'yan garin, a biya su haƙƙinsu, su lissafa bulo da siminti da yashi da katako da ƙusa da bandir na kwano da aikin zai ci. A nan ne ya kamata a natsu sosai. Siminti yana da lokacinsa, bulon da aka buga yau ba a ɗora shi gobe, sai an yi kamar mako guda ana ba shi ruwa, kuma kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Saboda haka wajibi ne a tura kuɗin kaya da wakilai biyu makonni kafin tafiyar, a buga bulo, a haƙa harsashi a zuba shi, ta yadda ranar da ayari ya iso aikin da ke jiransa na hannu da yawa ne: kwaɓa siminti, tura baro, ɗaukar yashi a kwanon sarki, ɗebo ruwa, miƙa bulo da cike ɗaki da ƙasa. Waɗannan su ne ayyukan da ɗan makaranta ko ma'aikacin ofis zai iya yi ba tare da ya ɓata gini ba. Jera bulo da hawa kan rufi na masu sana'a ne, kuma a filin aiki maganar magini ita ce ta ƙarshe, ko da akwai mai digirin injiniya a cikin mahaya.

Game da lokaci, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi dacewa, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma zafin Maris da Afrilu bai kama ba. A duba kalanda don kada tafiyar ta faɗa cikin azumi. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, don haka mai tafiya daga Kaduna zuwa Zariya ko Kano zai riƙa fuskantarta, kuma tana saurin busar da sabon gini, abin da ke ƙara buƙatar yayyafa masa ruwa safe da yamma.

Hanyar Zariya ta fi sauƙi ga masu farawa. Nisanta kusan kilomita 80 ne daga Kawo, ta Rigachikun da Mararrabar Jos da Jaji, kuma ayarin da ya tashi bayan sallar asuba yana iya isa kafin la'asar har da hutawa. Waɗanda suka ƙware suna iya zarcewa Kano ta Tashar Yari da Kwanar Dangora, su raba sauran tafiyar kwana biyu, su sa ranakun gini a tsakani. Ba a tafiyar dare ko kaɗan. A rubuta wa 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa takarda mai ɗauke da ranaku da zanguna, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki ana gobe za a tashi, domin su ne suka fi kowa sanin labarinta. Duk hanyar da ake shakkar tsaronta a bar ta, komai kyawun aikin da ke ƙarshenta.

Kowane mahayi ya kai kekensa wurin mai gyara a duba birki da kaca da tayoyi, ya yi aƙalla wata guda yana atisaye yana ƙara nisa a hankali, ya kuma mallaki hular kwano da riga mai ɗaukar ido. A kan titi ana tafiya ne a layi ɗaya ta gefen dama, da ƙwararre a gaba da wani a baya, sannan motar rakiya tana biye da fitilun gargaɗi a kunne, ɗauke da ruwa da famfo da kayan faci da akwatin taimakon farko, tare da gurbin zama ga wanda ya gaji. Tirela idan ta wuce da gudu iskarta tana iya fizgar keke, don haka a bar tazara tsakanin juna. Ana tsayawa shan ruwa kowace sa'a, kuma wanda ya galabaita a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Masauki da abinci kada su zama nauyi a kan mai gidan da aka zo taimako, domin kunya za ta iya sa shi ya ci bashi don ya ciyar da baƙi. A nemi ajin makaranta ko zauren mai gari a kwana, mata a ware musu nasu masaukin a cikin gida, ayari kuma ya zo da hatsinsa ya biya masu dafawa. Hoton gidan da iyalinsa ba ya hawa Facebook sai da yardarsu.

Kuɗin da aka tara a riƙe su a asusu guda mai sa hannun mutum biyu, a raba na gini da na hanya, a ajiye rasit na kowane buhun siminti don nuna wa waɗanda suka ba da gudummawa. A kuma keɓe wani kaso a hannun wakili ɗaya wanda zai koma bayan mako biyu ya biya kuɗin filasta da daɓe, ya duba ko ƙofa da taga sun zauna daidai.