Kurakuran da muke yi da salon maganar Turanci, da yadda ake gyara su

Shekarun baya wani ɗalibina ya kawo mini takardar ta'aziyya da ya rubuta da Turanci, in duba masa kafin ya aika. Mahaifin maigidansa na wurin aiki ne ya rasu. Yaron ya yi ƙoƙari, rubutunsa tsaf, amma a layi na biyu sai na ga ya ce ya yi baƙin cikin jin cewa dattijon ya "kicked the bucket". Na tambaye shi inda ya samo wannan. Ya ce a wani littafin shirin jarrabawa ne, an jera maganganu, an sa wa kowace ma'anarta a gefe, ita wannan an ce tana nufin mutuwa. Bai yi ƙarya ba, ma'anar ke nan. Abin da littafin bai gaya masa ba shi ne, a kunnen Bature wannan magana daidai take da a ce wane ya sheƙa barzahu. Na ce masa, "Ɗana, za ka iya shiga zauren makoki ka ce wa mutum babansa ya sheƙa barzahu?" Ya riƙe baki. Muka goge, muka sa "passed away", wadda ita ce ke kusa da tamu ta "ya riga mu gidan gaskiya".

A cikin duk kurakuran da ake yi da salon maganar Turanci, wanda su suke kira "idiom", wannan ya fi damuna, domin mai yin sa ya san ma'ana, yana ganin ya gama. Alhali kowace magana da nauyinta da inda ake faɗinta. Mu ma muna da "ya kwanta dama", muna da "ya mace", kuma ba Bahaushen da zai musanya su. Gyaran ba shi da wuya. Ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford ko Longman, yakan sa wata 'yar alama kusa da magana: "informal" idan ta hira ce tsakanin sa'o'i, "humorous" idan ta raha ce, "old-fashioned" idan an daina yayinta, "offensive" idan tana ɓata rai. Yawancinmu tsallake alamar muke yi, mu zarce wurin ma'ana. A riƙa karanta ta tukuna.

Sai kuskuren da kowa ya sani, wato ɗaukar magana kalma-kalma. Wani ɗan kasuwa da na sani ya taɓa kirana hankali a tashe. Abokin cinikinsa na waje ya rubuto masa "the ball is in your court", shi kuwa idonsa bai faɗa ko'ina ba sai kan "court", ya ɗauka kotu za a kai shi. Maganar daga wasan tanis ta fito, "court" ɗin filin wasan ne. Ƙwallo ta faɗo ɓangarenka, kai ake jira ka bugo. Wato mun yi namu, saura naka, dabara ta rage wa mai shiga rijiya. Haka "break a leg" ba mugun baki ba ne, fatan alheri ne da 'yan wasan kwaikwayo suke yi wa juna kafin hawa dandamali. Wanda ya ce yana "under the weather" ba hadari yake magana a kai ba, jikinsa ne ba daɗi. "Face the music" kuma babu kiɗa a ciki, sai dai mutum ya tsaya ya girbi abin da ya shuka.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba, don harshenmu cike yake da irinsa. Muna cin amana, muna cin sarauta, muna shan iska, muna kashe aure, ba tare da cokali ko wuƙa ba. Yaro ɗan shekara bakwai ya san idan an ce an ja wa wane kunne, ba lalle an taɓa kunnen ba. Duk lokacin da ka ga jimlar Turanci wadda ka san kowace kalma a cikinta amma haɗuwarsu ba ta ba da ma'ana a wurin, to ka yi zargin salon magana ce, ka nemi ma'anarta a dunƙule.

Inda aka fi zamewa, a ganina, shi ne inda maganar Turanci ta yi kama da tamu amma kowace da inda ta dosa. "Pull someone's leg" idan ka juya ta kai tsaye ta zama jan ƙafa. Jan ƙafa a wurinmu jinkiri ne da noƙe-noƙe, kamar a ce ma'aikata suna jan ƙafa wajen biyan haƙƙin mutane. A Turanci kuwa zolaya ce kawai. Idan Bature ya ce "I'm pulling your leg", cewa yake yi tsokanarka nake, kada ka ɗauka da gaske. Jan ƙafa irin namu shi ne "drag one's feet". Ita ma "get cold feet" tana ruɗarwa, sai a kai ta ga sanyin gwiwa. Suna da dangantaka amma ba ɗaya ba ne. Sanyin gwiwa karaya ce bayan an ji wani abu mara daɗi. "Cold feet" tsoro ne da yake kama mutum dab da abin da ya riga ya amince zai yi, kamar ango da ya fara ja da baya ana saura kwana biyu ɗaurin aure.

Giwa ma tana da magana biyu da ake cakuɗawa. "White elephant" abu ne da ya lashe kuɗi, riƙonsa ma kuɗi yake ci, amfani kuwa babu. Ana ba da labarin cewa sarakunan Siyam, wato Tailan ta yau, sukan ba bafaden da suka yi fushi da shi kyautar farar giwa. Dabba ce mai alfarma a can, ba a sa ta aiki, ba a yar da kyautar sarki, ga ci kamar gara, sai ta talauta shi. Shi ya sa jaridun Najeriya suke kiran katafaren aikin gwamnati da aka narka wa kuɗi aka bari ba amfani "white elephant project". "The elephant in the room" kuwa daban take: matsala ce ƙatuwa da kowa yake gani a wurin zama, amma kowa ya kauda kai, an rasa mai ɗaga ta.

Masu fassara su ne ya kamata su fi kowa kula, don kuskurensu yana shiga kunnen dubban mutane. Na sha jin an ce ɗan takara ya "jefa tawul", mai sauraro a ƙauye yana mamakin me ya haɗa siyasa da tawul. "Throw in the towel" daga damben Turawa ta samo asali, inda mai horar da ɗan dambe yake wurga tawul cikin fage don a tsayar da wasa idan yaronsa ya jigata. Da Hausa ya saduda ke nan, ya miƙa wuya. Mafi yawan lokaci muna da tamu a ajiye, wani sa'in ma ta fi tasu armashi. "Spill the beans" fasa ƙwai ne. "Let sleeping dogs lie", a bar kaza cikin gashinta. "The pot calling the kettle black", gwano ba ya jin warin jikinsa. Wanda suke kira "black sheep" a gida, shi ne muke cewa ya fita zakka. Rufe ƙofar barga bayan doki ya riga ya tsere, da suke faɗa, shi ne ihu bayan hari. Idan ba a samu tamu ba, a faɗi ma'anar a fili, ya fi a kawo wa mutane wake da tawul.

Akwai kuma sauya kalmomin maganar. Salon magana kamar karin magana yake, ba a taɓa gininsa. A nan Najeriya mun saba da "more grease to your elbow", amma a Ingila "more power to your elbow" ake cewa. Muna cewa "cut your coat according to your size", su kuwa "according to your cloth" suke cewa, kuma tasu ce ta fi daidai da abin da ake nufi, domin yawan yadin da ke hannunka ne yake yanke girman rigar, iya kuɗinka iya shagalinka. "Birds of the same feather" ma asalinta "birds of a feather".

A nan ina so in yi adalci. Turancin Najeriya ba abin kunya ba ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancinmu, har da "Kannywood" da "okada" da "put to bed" da ma'anar haihuwa. Tsakaninmu a yi ta faɗinsu. Abin lura kawai shi ne wa kake yi wa magana. Idan ka rubuta wa Baturen Landan cewa matarka ta "put to bed", zai jira ka faɗi wa ta kwantar, don a wurinsa yaro ake kwantarwa ya yi barci. Mai duba takardar WAEC ko NECO shi ma daidaitaccen Turanci yake bi. Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba: a majalisar Birtaniya, da tamu, "table a motion" gabatar da ƙuduri ne don a tattauna, a Amurka kuwa jingine shi ne.

Kuskure na ƙarshe ɗalibai ne suka fi yin sa, wato cusa salon magana a kowane layi don a burge malami. Insha'i shafi ɗaya, an yi ruwa "cats and dogs", jarrabawa "a piece of cake", wato ta yi sauƙi, kaya sun ci "an arm and a leg", wato sun yi tsada. Gishiri ne, idan ya yi yawa miya ta ɓaci. Ita "raining cats and dogs" ɗin ma ba kasafai za ka ji Bature na yau yana faɗinta ba, ya fi cewa "it's pouring", ko da yake ma'anarta tana nan, ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Abin da nake sa ɗalibaina yanzu shi ne su bar haddar jerin maganganu, kowa ya sayi ɗan littafin rubutu. Duk salon maganar da suka ci karo da ita a jarida ko rediyo, su kwafe jimlar gaba ɗaya, su rubuta wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, a wane hali, sannan a ƙasa su sa abin da Bahaushe zai ce a wannan gurbi. Yaron nan mai takardar ta'aziyya shi ya fara. A shafinsa na farko ya rubuta "kick the bucket", a ƙasa ya sa "sheƙa barzahu", ya ja layi biyu, ya ƙara da jan biro: ba a faɗa a gidan rasuwa.