Hannu a aljihu: kurakuran ɗalibanmu idan sun shiga kufai

Duk shekara idan aka fita da ɗaliban ilimin tonon kayan tarihi aikin fili wajen Kirfi ko Yankari, hannu ne ke fara yin ɓarna. Yaro ya hango tsingaro mai zane, ya sunkuya ya ɗauka, ya goge da riga, ya taho yana fara'a: "Malam, ga abin da na samu." Ka tambaye shi daga ina, sai ya waiwaya ya nuna maka daji. Ai kuwa shi ke nan, tsingaron ya tashi a banza.

Darajar abin da aka tono tana wurin da ya kwanta: a wane hawan ƙasa, a wane zurfi, me ke gefensa. Ƙasa hawa-hawa take taruwa, na ƙasa ya girmi na sama in ba wani ya taɓa birkita wurin ba, kuma ramin da aka haƙa ba ya haƙuwa sau biyu. Dubi tsoffin mutum-mutumin yumɓu na Nok da masu haƙar dare suka kwashe zuwa Turai. Kyau dai ga shi, amma ba mai iya cewa daga wane tudu suka fito, balle me aka binne tare da su. Kwalekwalen Dufuna kuwa, da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a Yobe, an bar shi a makwancinsa har masana suka tono shi a 1994, kuma gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Ni dokata ita ce, ranar farko kowa hannunsa a aljihu. A ɗauki hoto da sandar awo da kibiya mai nuna arewa, a karanta lambar GPS, a rubuta a littafi, sannan a taɓa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar shaida, wato 'yar takardar da ake rubuta lambar wurin da aka tono abu a haɗa ta da ledarsa. Wata shekara mun yi haƙa a wani kufai kusa da kogin Gongola, cikin zafin bazara, mun cika ledoji da tsingaro daga hawa daban-daban. Ɗaliban da aka ba aikin rubutu suka yagi littafin makaranta, suka rubuta da biro, suka cusa cikin leda tare da tsingaro mai danshi, suka ƙulle. Da muka buɗe bayan hutu, tawada ta narke ta zama shuɗin tabo, wasu takardun kuma sun ruɓe sun manne da ƙasa. Na zauna a ɗakin ajiya ina juya leda ɗaya bayan ɗaya a gaban taga ko zan gane lamba, ban gane komai ba. Kuɗin mota, kuɗin abinci, gumin mutanen garin da suka taya mu haƙa, duk sun bi ruwa, kuma ramin nan ba zai dawo ba. Haba jama'a! Kun kai aji uku a jami'a ba ku san leda tana gumi ba? Tun daga nan ba na yarda da biro a fili, fensir kawai. Takarda biyu ake yi, ɗaya a ƙaramar leda tata daban a ciki, ɗaya a ɗaure a waje. Tsingaro sai ya sha iska a inuwa kafin a ƙulle shi. Bayan sallar isha'i kuma ba mai kwanciya sai an kwafe lambobin ranar cikin babban rajista, ina zaune ina kallo. Wasu abokan aiki na cewa na cika tsanani. Su ce.

Gawayi ma haka. Da shi ake gwajin shekaru, kuma sau da yawa sai an aika ƙasar waje an biya da kuɗin waje. Ɗauke shi da bakin cokalin haƙa zuwa takardar alminiyam, kada ka haɗa na hawa biyu wuri ɗaya, kada a sha taba a bakin rami.

Kada ka zubar da kashin maƙera kana cewa dutse ne; shi ke ba da labarin tanderun narkar da tama irin na Shau Shau a Yankari. Kada ka dirje tsingaro da burushi mai ƙarfi, zanen zai tafi. A duwatsun Geji da Shira kada ka watsa wa zanen dabbobi ruwa ko ka bi shi da alli don hoto ya fito. Kada ka sa ainihin wurin kufai a Facebook, masu haƙar dare ma suna da waya.

Sai kuma shiga gari ba sallama. Kufan da kake wa kallon daji gonar wani ce, wataƙila makwancin kakanninsa. A fara da fada, a durƙusa: "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne, mun zo neman sani a kan tsohon garinku." Dattijon da sarki zai haɗa ku da shi ya san inda marina take da inda ganuwa ta bi, abin da taswira ba za ta nuna ba. A rubuta maganarsa yadda ya faɗa, idan an gama rahoto a kai wa garin kwafi.

Izinin sarki kuma bai wadatar ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa ba da takardarta ba, ko da ɗan binciken kammala digiri ne. Kafin mu hau motar dawowa ina sa kowa ya zazzage jakarsa da aljihunsa a gabana, duk dutsen ado ko tsingaron da ya faɗo a sa masa lamba ya shiga rajista.