Darasi na Tara: Filawil ɗin Mota, Yadda Ake Gane Ya Ci da Yadda Ake Canja Shi

Filawil wani faifan ƙarfe ne mai nauyi da ke ɗaure a bayan inji, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. A ƙananan motoci nauyinsa yakan kai kilo 6 zuwa 12. Ba a ganinsa daga waje, shi ya sa direbobi da yawa ba su san da shi ba sai ranar da ya ba da matsala.

Aikinsa uku ne. Injin mota ba ya turawa a jere, bugu-bugu yake yi: a inji mai silinda huɗu, wuta tana tashi sau biyu ne kawai a kowane zagaye. Nauyin filawil shi ke riƙe juyin tsakanin bugu da bugu, kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke ci gaba da juyawa bayan an saki hannu. Na biyu, a fuskarsa farantin kuloci ke kamawa ya kai ƙarfin inji zuwa giya. Na uku, a gefensa akwai zoben haƙora, wanda kik ke cafka ya juya inji idan an murɗa makulli.

Wannan darasi na mota mai giyar hannu ne. Mota otomatik tana da faifai siriri mai haƙora a wurin, ba ta da farantin kuloci, aikinta daban ne.

Abin da ke cinye shi

Zafi ne babban abokin gabarsa. Duk lokacin da farantin kuloci ke zamewa a kan fuskar filawil bai kama sosai ba, gogayya ce ke faruwa, ita kuma gogayya wuta ce. Motar da aka labta wa buhunan albasa daga Aliero fiye da ƙarfinta, ko ta kafe a yashi ko taɓon fadama da damina direba ya yi ta ba ta wuta da rabin kuloci, cikin 'yan mintoci fuskar ƙarfen za ta ƙone. Haka direban da ke ɗora ƙafa a kan kuloci tun daga Birnin Kebbi har Jega. Shi yana ganin hutar da ƙafa yake yi, alhali ƙarfe yake ci.

Akwai kuma barin faranti ya ƙare har ƙusoshinsa su fito su riƙa kartar fuskar. Haƙora kuwa, abin da ya fi karya su shi ne murɗa makulli alhali inji yana aiki, ko bai gama tsayawa ba, da kik da notunansa suka saki.

Kada a yi saurin sauke giyabos

Sauke giyabos aikin yini guda ne, kuma kuɗi ne. Abubuwa da yawa suna kwaikwayon ciwon filawil, don haka a fara da kunne da ƙafa kafin a ɗauki sifana.

Idan an murɗa makulli aka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ko kik ya yi ta juyawa shi kaɗai inji bai motsa ba, a yi wannan gwaji. A kashe makulli, a sa giya ta huɗu, a tura motar taku ɗaya, a mayar da giya firi, a sake murɗawa. In ta tashi lafiya, haƙoran filawil ne suka ci a wani wuri. Dalili shi ne inji mai silinda huɗu kusan kullum a ɗayan wurare biyu yake tsayawa, suna kallon juna, don haka haƙoran waɗannan wurare biyun su ke shan bugun kik kowace safiya. Mai silinda shida wurare uku ne. In kuwa ko'ina aka tura ƙarar ɗaya ce, a zargi kik ɗin kansa ko batir mai rauni.

Don a tabbatar, a cire kan batir, a kwance kik, a haska tocila ta ramin. Mutum ɗaya ya riƙa juya inji a hankali da sifana ta notin fuli na gaba, ɗaya yana kallo. A sa alamar alli a haƙorin farko don a san an zagayo. Haƙori mai lafiya kansa a cike yake. Wanda ya ci za a ga bakinsa ya zaizaye yana ƙyalli, wani ma ya gutsure.

Idan mota tana karkarwa lokacin da ake sakin kuloci a giya ta ɗaya, kamar za ta yi tsalle, wannan yana iya zama fuskar filawil da ta ƙone ko ta lanƙwashe. Amma a fara duba kujerun inji da na giyabos, domin robar da ta yage tana kawo irin wannan karkarwar, kuma canja ta bai kai wahalar sauke giyabos ba. A leƙa ƙasan mahaɗar inji da giyabos. In akwai ɗigon baƙin mai, sil ɗin bayan inji ya yi yoyo, mai ya jiƙa faranti.

Idan an taka totur inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, ga warin ƙuna, kuloci ne ke zamewa. Gwajinsa: a ja burkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci a hankali. Inji mai kuloci lafiyayye zai mutu nan take. In ya ci gaba da aiki, faranti ya ƙare. Kada gwajin ya wuce daƙiƙa biyu ko uku, kuma kada kowa ya tsaya a gaban mota.

Ƙarar da ke fitowa sai an taka kuloci, ta ɗauke in an saki, yawanci boris ɗin kuloci ne. Filawil ba shi da laifi a nan.

Filawil mai hawa biyu

Motoci da yawa na baya-bayan nan, musamman masu shan man gas, wato dizal, suna zuwa da filawil mai faifai biyu da sifirin a tsakaninsu. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fara fitar da shi a 1985 don rage girgiza. Idan ya gaji, ana jin ƙwanƙwasa a silo, da wani "ƙwal" lokacin da aka kashe inji. In an sauke giyabos za a ga giris ya fantsama a cikin gidan kuloci, ko faifan sama yana lilo fiye da kima idan an girgiza shi da hannu. Irin wannan ba a goge shi, ba a yi masa walda. Mun san ana yin waldar don tsimin kuɗi, amma girgizar da sifirin ke shanyewa sai ta koma kan giyabos da kiranshaf, wato babbar sandar inji da filawil ke ɗaure a bayanta, kuma waɗannan sun fi filawil tsada.

Kwancewa

A ajiye mota a ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. A kan yashi jak yana nutsewa. A cire baƙin kan batir tukuna. A ɗaga mota a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Kada a taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba.

A tsiyaye man giya a mazubi mai tsabta. A cire kik, wayar kuloci ko famfonsa, sandunan giya da wayoyin lantarki. A mota mai jan gaba a zare shaf biyu na tayoyi, a mai jan baya irin Hiace a kwance doguwar farfela bayan an yi mata alama. A tokare inji da jak da katako kafin a kwance kujerar giyabos. Sannan mutum biyu su zaro giyabos a miƙe, kada a bar nauyinsa ya rataya a kan sandar da ke shiga faranti.

Notunan murfin kuloci, wato murfin da ke danne faranti a fuskar filawil, yawanci shida, a sassauta su kaɗan-kaɗan a zagaye, ba ɗaya a cire shi gaba ɗaya ba, don kada murfin ya karkace. Ƙurar da ke ciki kada a hura ta da baki ko da iska. Wasu tsofaffin farantai suna da sinadarin asbesto mai lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Masu aikin Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, su lura. A yawancin masu injin fetur 1.6 da 1.8 tsarin a juye yake: murfin kuloci ne ke ɗaure a kiranshaf da noti shida, filawil kuma yana ɗaure a kan murfin da ƙananan notuna tara. Filawil za a fara cirewa kafin a ga faranti.

Kafin a kwance filawil a yi alama a jikinsa da jikin kiranshaf. A kulle haƙoransa da ɗan ƙarfe mai riƙewa don kada ya juya. A bar noti ɗaya na sama a sassauce har sai an riƙe faifan da hannu biyu. Kilo goma mai haƙora in ya faɗo a kan yatsun ƙafa ba ƙaramin rauni ba ne.

Hukunci: a goge ko a canja

A wanke fuskar, a fito da shi cikin hasken rana. Lafiyayyar fuska toka-toka ce, sumul. Tabo shuɗi ko baƙi alamar ƙuna ce, kuma ƙarfen wurin ya yi tauri fiye da sauran, shi ya sa faranti ke kamawa yana saki. A ja farce daga tsakiya zuwa baki. In farce ya maƙale a wani layi, layin ya yi zurfin da zai cinye sabon faranti. A ɗora rula ta ƙarfe a kan fuskar a duba ko haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Wanda ke da agogon awo ya auna tun faifan yana jikin inji: yawancin ƙananan motoci ba sa yarda karkata ta wuce milimita 0.1 zuwa 0.2.

Ƙyalli kawai ba tare da layi ba, sanfefa ta isa. Layi da tabo marasa zurfi, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar. In filawil ɗin mai tudu ne, wato inda murfi ke zama da inda faranti ke kamawa ba tsayinsu ɗaya ba, dole a rage wuraren biyu daidai wa daida, in ba haka ba kuloci zai zame ko ya ƙi saki. Kada a goge da garanda ta hannu, ba ta fitar da fuska a miƙe.

Tsaga kuwa, in ta yi zurfi ko ta kusanci ramukan noti, a jefar da shi. Faifan da ke juyawa sau dubu uku ko huɗu a minti, kusa da ƙafafun direba, ba a yi masa faci.

In fuskar lafiya take, haƙora ne kawai suka ci, ana iya canja zoben shi kaɗai. A huda tsakanin haƙora biyu, a tsaga da kurfi, tsohon zai saki. A ɗumama sabon zoben ko'ina daidai zuwa kimanin digiri 200 na Salshiyos, a zura shi da sauri, gefen haƙoran da aka fiƙe yana kallon inda kik ke shigowa. Kada a bari ya yi ja, domin haƙoran za su yi laushi. A bar shi ya huce da kansa, ban da zuba ruwa.

Wanda zai sayi na hannu a kasuwar kayan gyara ya tafi da tsohon. A ɗora su tare, a ƙirga haƙora, a gwada ramukan noti da kauri. Wasu motoci, kamar Peugeot 406, suna da layin haƙora na biyu wanda sensa ke karantawa don ba da wuta. In aka sa wanda bai dace ba, komai zai ɗauru daidai amma mota ba za ta tashi ba.

Ɗaurawa

Tun da hanya a buɗe take, a canja sil ɗin bayan inji ko da ɗan gumi kawai yake yi, a duba ƙaramin boris na tsakiyar kiranshaf in motar tana da shi. Faranti, murfi da boris ɗin kuloci a sa su sababbi tare. Mai mota zai ce, "Maigida, a sa faranti kawai mu lallaɓa." A nuna masa fuskar ƙarfen da idonsa, a gaya masa cewa kuɗin sauke giyabos sau biyu ya fi kuɗin kayan.

A goge bakin kiranshaf da bayan filawil tas. Ƙwayar yashi ɗaya a tsakaninsu ta isa ta karkatar da faifan, kuma da hunturu ƙura ba ta barin gareji. Sabon filawil yana zuwa da man hana tsatsa a fuskarsa, a wanke shi har farin tsumma ya fito fari.

A bi alamar da aka yi. A motoci da yawa ramukan ba su daidaita sai ta fuska ɗaya, don haka in noti ya ƙi shiga a juya faifan, kada a tilasta. Notunan da ake ɗaurewa da ƙarin kwana, misali awo kaza sannan rubu'in zagaye, suna miƙewa ne, ba a maimaita su. A shafa gam ɗin noti in littafin motar ya ce a shafa. A ɗaure a gicciye, wannan sannan na gabansa, a zagaye uku, da sifana mai awo. Na filawil yawanci tsakanin Nm 60 ne da 120 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a jikin sifanar), na murfin kuloci kuwa 20 zuwa 25 kacal. Adadin motarka yana cikin littafinta, shi za a bi. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" da dogon bututu shi ke tsinka noti a cikin kiranshaf.

Faranti yana da gaba da baya, yawanci an rubuta gefen da ke kallon filawil ko giyabos. A saita shi a tsakiya da sandar saiti ko tsohuwar sandar giyabos kafin a ɗaure murfi. Giris ɗan kaɗan a kan zaren sandar, a goge rarar, don in ya yi yawa zai fantsama a faranti. In giyabos ya ƙi zama, a ɗan juya shaf a sake gwadawa. Kada a jawo shi da notuna, kunnen giyabos yana karyewa.

A zuba man giya, a haɗa batir, a taka kuloci sau da yawa kafin a tayar. A saurari kik, a gwada ribas, a tashi a giya ta ɗaya a hankali. A gaya wa direba ya yi kilomita 500 na farko ba tare da lodi mai nauyi ko fizga ba, har faranti ya zauna a kan fuskar.

Aikin aji

Malami zai kawo tsohon filawil. Kowane ɗalibi ya ƙirga haƙoransa ya rubuta adadin a littafinsa, ya nemo wurare biyun da suka fi ci ya sa musu alli, sannan ya ja farce a fuskar ya rubuta jimla ɗaya: a goge ko a canja, da dalilinsa.