Kafin ka biya kuɗin gida a Abuja, nemi izinin gininsa

Dillali zai miƙo maka C of O, wato takardar shaidar mallaka, yana murmushi, ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Wannan takarda ta fili ce. Ginin da ke kansa izininsa daban.

Ni abin da nake fara nema shi ne zanen gini mai hatimin Sashen Kula da Gine-gine na Abuja. Riƙe shi a hannu ka zagaya gidan. A zane ɗaki huɗu, a ƙasa shida? An fasa katanga an fitar da shaguna bakin titi? An ɗora bene daga baya? Irin wannan ƙari ne ke jawo jan fenti a bango, kuma ranar rusau ba mai tambayar wanda ya gina.

Wani mai gidan rasit kawai zai nuna maka, na fayil ɗin da aka buɗe shekaru aru-aru ba a kammala ba. Rasit ba izini ba ne.

Sa lauyanka ya binciki filin a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya bibiyi fayil ɗin ginin. In akwai tara ko gyara, mai sayarwa ya biya tukuna, ko ka riƙe wani kaso na kuɗin, a rubuce, sai takardar izinin ta fito.