Yadda ake zaɓen majalisar ikilisiya, da yadda za a ji muryarta

Shekara uku na riƙe littafin majalisar ikilisiyarmu a nan Katsina, ni ce sakatariya. Har yanzu ina jin zafi idan na ji ɗan Katolika ya ce, "Ai coci na Fada ne, mu namu zuwa Misa da ba da baiko." Fada dai shi ne limamin da ke kula da ikilisiya. Da can muna fakewa da cewa Sakkwato, inda Bishop ɗinmu yake a lokacin, da nisa. To, tun watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya yanke mana dayosis ɗinmu na Katsina, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop guda, ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa. Sabon gida ne ake ginawa, kuma irin tubalin da muka aza yanzu, daga birni har Malumfashi da Funtuwa da Kafur, a kansa 'ya'yanmu za su ɗora.

Ka fara da sanin abin da doka ta ba ka, don kada ka shiga da zaton da zai karya maka gwiwa. Kundin dokokin Coci na 1983, sashe na 536, ya ce idan Bishop ya ga ya dace, a kafa majalisar kiwon jama'a a kowace ikilisiya. Fada ne ke shugabantarta, kuma abin da take bayarwa shawara ce. Ko da kuna kiran wani daga cikinku ciyaman, ba ya hawa kan Fada. Na ga dattijon da ya bar majalisa cikin fushi domin ya ɗauka rinjayen ƙuri'a ya ɗaure Fada. Bai ɗaure shi ba. Amma wannan kundin dai, a sashe na 212, ya ce masu bi suna da 'yanci, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su faɗa wa makiyayansu abin da suke gani zai amfani Coci. Tushen wannan yana cikin babban taron Batikan na Biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, sannan taron Sinod, wato taron shawara na bishop-bishop da wakilan masu bi, da aka rufe a Rum a Oktoba 2024 ya nemi a wajabta irin waɗannan majalisu. Saboda haka ba alfarma ake yi maka ba idan an ba ka kujera.

Kafin a sa ranar zaɓe, a je wurin Fada a nemi ƙa'idojin da Bishop ya shimfiɗa, don su ne ke sama da duk abin da zan faɗa a nan. Yawanci ta ƙofa uku ake shiga. Akwai waɗanda aikinsu ya shigar da su, kamar mataimakin Fada da katikis, wato malamin koyar da addini, da sista idan akwai. Akwai 'yan kaɗan da Fada zai naɗa. Sauran kuwa zaɓe ne, kuma su ya kamata su fi yawa. Ƙungiyar maza ta CMO ta fitar da nata, ƙungiyar mata ta CWO da Zumuntar Mata su fitar, matasan CYON su fitar, 'yan kwaya ma haka. Kowane ƙaramin coci na ƙauye da ke ƙarƙashin ikilisiyar a ba shi kujera, ko da rufin ciyawa ne a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A yi sanarwa Lahadi uku a jere, da Hausa da Turanci, a kowace Misa. Mu a birni gauraye muke: Hausawa, 'yan kasuwa Ibo, mutanen kudancin Kaduna, Tibi da Idoma, ma'aikatan da aka turo. Idan da Turanci kaɗai aka yi sanarwa, an riga an gama zaɓen tun ba a fara ba.

Kada ku yarda da zaɓen bin layi a bayan ɗan takara. Mun taɓa yi, kuma akwai mata biyu da suka yi kusan shekara ba sa gaisawa a bakin coci saboda ɗaya ta ga inda ɗayar ta tsaya. Abin da muka koma yi shi ne, masu rubutu su rubuta a takarda su naɗe. Waɗanda ba sa rubutu, sai a rataya zane a kusurwar aji, a jera ƙwarya rufaffe, kowace da alamar ɗan takara, wannan ganyen darbejiya, wancan zangarniyar gero. A ba kowa ƙwayar wake ɗaya, ya shiga shi kaɗai ya jefa. A ƙirga nan take a gaban kowa. Na ga tsohuwa ta fito daga bayan zanen nan tana gyara ɗankwali tana murmushi, domin a karo na farko ta zaɓi wanda ranta ke so ba tare da tsoron surukinta ba.

Wa za a zaɓa? Wanda ake gani a Misa, wanda ke iya riƙe sirri, wanda zai iya cewa a'a cikin ladabi. Wanda ya sayi akuya da tsada a ranar godiyar kaka, Allah ya saka masa, amma wannan bai sa ya cancanci kujera ba. Wa'adi kuma a rubuta shi tun farko. Ni ina ganin shekara uku, a sake sau ɗaya, ya isa.

Zaman kansa shi ne inda majalisu da yawa ke mutuwa a tsaye. Sakatare ya raba ajanda mako guda kafin ranar, don wakili ya koma wurin mutanensa ya ji ta bakinsu. Wanda ya zo da ra'ayin kansa kawai bai wakilci kowa ba. A buɗe da addu'a da ɗan karatu daga Littafi Mai Tsarki, a sa lokacin tashi, a kuma kiyaye shi. Wakilan ƙauye dole su kama hanya da sauran rana, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, don haka a fara da maganarsu, a kuma ba su kuɗin mota daga asusun ikilisiya ba tare da sun roƙa ba. A naɗa mai fassara tun daga farko.

Sannan ku lura da abin da ke cinye muku lokaci. Na koma na karanta littafina na shekarar farko, sai na ga kusan kowane shafi maganar katanga ce da man janareta da kujerun roba. Babu inda muka tambayi yara nawa ne suka daina zuwa katikisim, ko ma'aurata nawa ke zaune ba a ɗaura musu aure a coci ba saboda tsoron kuɗin biki, ko wa ke kai wa tsofaffi marasa lafiya Jibi Mai Tsarki. Alhali don waɗannan aka kafa majalisar. Daga nan muka yi ƙa'ida: maganar mutane a gaba, maganar gini a baya.

Kuɗi kuwa suna da nasu kwamiti daban, kuma shi sashe na 537 bai bar shi ga ganin dama ba, ya ce dole kowace ikilisiya ta kasance da shi. A sa masu sanin lissafi. Baiko kada mutum ɗaya ya ƙirga shi: mutum uku, su sa hannu, a kai banki. Sashe na 1287 ya ce a riƙa yi wa masu bi bayanin abin da suka bayar. Neman wannan bayani ba zargin Fada ba ne, garkuwa ce gare shi daga bakin mutane.

Abin da ya fi wuya shi ne saɓa wa Fada. Wata shekara an matsar da Misar Hausa zuwa sassafe don a buɗe wa wata hidima wuri. Mutane suka yi ta gunaguni a waje, a cikin zama kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Sai wakiliyar Zumuntar Mata, dattijuwa mai sayar da ƙosai, ta ɗaga hannu.

"Fada, a gafarce ni, ina da magana. Mu da ke zuwa daga bayan gari, kafin mu wanke yara mu samu Keke Napep, an riga an karanta Bishara. Lahadi huɗu ina ƙirga mu. Benci uku na baya babu kowa."

Fada ya yi shiru, sannan ya ce, "Mama, ban san haka abin yake ba. Baba Katikis, kai ma ka lura?" Katikis ya ce ya lura. A wannan zaman aka mayar da lokacin.

Abin da ta yi shi nake so kowane wakili ya koya. Ta kawo abin da ta gani da idonta, ta ƙirga, ta faɗa a cikin ɗaki a gaban mai abin, da girmamawa. Ba kullum ake dacewa haka ba. Akwai ranar da kusan dukanmu muka ba da shawara ɗaya, Fada ya ƙi, ya kuma faɗi dalilinsa. Na rubuta shawararmu, na rubuta dalilinsa, muka tashi muka goyi bayan abin da ya yanke. Idan kuwa matsala ce babba, irin wadda ta shafi amana, a fara ganinsa a keɓe, mutum biyu ko uku. In ta ƙi gyaruwa, a rubuta wa Bishop wasiƙa da sunaye da sa hannu. Kada a kai ta zauren WhatsApp na ikilisiya.

Kai kuma sakatare, a ƙarƙashin kowace magana ka rubuta abu uku: me aka tsayar, wa zai yi, zuwa yaushe. Da wannan za a buɗe zama na gaba. Ranar Lahadi a karanta wa jama'a taƙaitaccen bayani, ban da abin da ya shafi sirrin wani. Littafin ya zama mai bango mai ƙarfi, a sa wa shafukansa lamba, a ajiye shi a ofishin ikilisiya, kada ya kwana a gidanka. Idan aka sauya Fada, ka kai wa sabon a makonsa na farko, ka buɗe masa shafin ayyukan da ba a gama ba.