Yadda Ake Rubuta Tarihin Ɗan Wasan Jami'a da Ya Shiga Zauren Gwarzaye

Duk wanda zai rubuta nasarorin ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da aka karrama a zauren gwarzayen jami'o'i da ke birnin Atlanta, ya kamata ya fara da sanin sharuɗɗan shiga, domin su ne ke nuna masa abin da zai nema. Gidauniyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wadda ke kula da zauren tun 1951, ba ta duba kowa sai wanda aka taɓa zaɓa cikin sahun farko na gwanayen 'yan wasan jami'o'in Amurka na shekara, kuma sai ya cika shekara goma da buga kakarsa ta ƙarshe a jami'a. In ya zama ƙwararre, sai ya yi ritaya tukuna. Ana kuma la'akari da halinsa bayan barin fili.

Abu na biyu shi ne ka raba aikinsa na jami'a da na ƙwararru. Misali, ɗan wasa Barry Sanders ya shiga wannan zaure a 2003 saboda abin da ya yi a Jami'ar Jihar Oklahoma, don haka shekaru goman da ya yi da ƙungiyar ƙwararru ta Detroit Lions jimla ɗaya ta ishe su.

Inda aikin yake da gaske shi ne wajen alƙaluma, kuma a nan marubuta da dama ke tuntuɓe. A kakar 1988 Sanders ya yi gudun yadi 2,628 da ƙwallo a hannu, ya kuma lashe kofin Heisman, wanda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara. Kada ka ajiye adadin shi kaɗai. Ka bayyana cewa a wasanni 11 ya tara shi, alhali Ashton Jeanty na Jami'ar Boise State, wanda ya kusa kamo shi a 2024 da yadi 2,601, wasanni 14 ya buga. Ka ƙara da cewa hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ba ta fara lissafa wasannin da ake bugawa bayan kammala kaka ba sai a 2002, shi ya sa yadi 222 da Sanders ya yi a karawarsu da Jami'ar Wyoming bayan kammala kakar 1988 ba sa cikin kundin. A ganina, wanda ya tsallake wannan bayani ya tauye wa ɗan wasan haƙƙinsa, ko da kowace lamba da ya kawo daidai ce.

Sannan ka waiwayi shekarun da suka gabaci ɗaukaka. Sanders ya yi kaka biyu yana jiran gurbi a bayan abokin wasansa Thurman Thomas, lokacin da aka fi sanin Sanders da dawowa a guje da ƙwallon da abokan hamayya suka bugo, kuma wannan ne ke sa mai karatu ya gane girman abin da ya faru a 1988. Kafin ka saki rubutun, ka gwada kowace shekara da kowane adadi da kundin jami'ar da na NCAA, in sun saɓa ka faɗi wanda ka bi.