Yadda za a tsaftace kafet ba tare da an jawo wa gida tari da fumfuna ba

Ana iya share kafet safe da yamma har shekara ta zagayo, ido ya gan shi fes, alhali cikinsa maƙare yake da ƙasa. Gane haka ba wuya. A ɗaga gefensa daga wajen ƙofa, a shafa tafin hannu a kan siminti ko tayil ɗin da ke ƙasa. Idan hannu ya taso da gari mai laushi kamar hoda, ƙura ta riga ta cika gashin kafet ɗin har ta ratsa ta bayansa. Tsintsiya abin da ke sama take ɗauka, ƙwayar shinkafa da ɓawon gyaɗa da yashi. Ƙura mai laushi kuwa tayar da ita kawai take yi, ta yi yawo a ɗaki, ta sake sauka inda ta taso.

Abin da ke cikin gashin kafet

Kaso mai yawa a ƙasar Hausa ƙurar hunturu ce, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tsakanin Nuwamba da Maris. Sai ƙasar da takalmi ke shigowa da ita, da toka da hayaƙin turaren wuta, da ɓurɓushin abinci mai kiran kyankyasai. Kashin kyankyaso da ɓawon jikinsa idan sun bushe sun zama gari suna cikin abubuwan da ke tayar da asma, musamman ga yara.

Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, tsawon kowanne bai kai rabin milimita ba. Ba sa cizo, ba su shan jini. Abincinsu ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum, illarsu kuma a kashinsu take: shi ne wanda yake shiga hanci ya kawo atishawar safe, da toshewar hanci, da ƙaiƙayin ido, da tarin dare ga mai asma. Ƙwarin nan ba sa shan ruwa, daga iska suke zuƙar danshi, saboda haka idan danshin iska ya yi ƙasa da kashi 50 cikin ɗari sai su bushe su mutu. Shi ya sa a Kano ko Damagaram rani yakan rage su, damina ta dawo da su, watan Agusta ya zama lokacin shagalinsu. Mazauna Legas da Kumasi da Akara ba su da wannan hutun, nasu danshin duk shekara ne. Amma mutuwar ƙwarin ba ta kawar da matsalar, domin kashin yana nan cikin kafet sai an fitar da shi.

Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne yaro mai rarrafe. Hancinsa kusa da ƙasa yake, hannunsa daga kafet sai baki. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta ƙurar dutsen zinaren da ake daka shi a cikin gida ya zo. Gidan da maigida ke aikin ma'adinai, ko gyaran batir, ko fentin mota, dole kayan aiki da takalmi su tsaya a waje, kada su taɓa shimfiɗar da yara ke wasa a kai.

A masallaci matsalar daban ce. Ana shigowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa daga wurin alwala, sahun da ke kusa da ƙofa ba ya bushewa daga Azahar zuwa Isha'i, kuma goshi da hanci a kansa ake ɗora su. Ƙwayar cutar da ke sa tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage tana iya zama a irin wannan wuri. Buhun algarara ko tawul mai kauri a bakin ƙofa, wanda ake sauyawa kullum a shanya, yana rage rabin aikin.

A fara sanin irin kafet ɗin

Kafin ruwa ya taɓa shi, a zare zare ɗaya daga gefe, a riƙe da tsinke, a kusanta shi da ashana. Idan ya narke ya dunƙule ya zama ɗan dutse mai tauri, na roba ne, kuma mafi yawan waɗanda ake sayarwa a kasuwa irinsa ne. Idan ya yi ƙaurin gashi kamar ana babbakar kai, tokarsa ta murje tsakanin yatsu, ulu ne. Na roba yana jure ruwa da sabulu, amma garwashi ɗaya daga kaskon turare ya isa ya huda shi. Ulu kuwa ba ya son Omo, ba ya son kanwa, ba ya son ruwa mai zafi sosai, kuma Hypo cinye shi take yi. A duba bayansa kuma. Wanda bayansa saƙar algarara ce, idan ya jiƙe sharkaf yakan tsuke, sannan wani launi mai ruwan ƙasa ya hau samansa lokacin bushewa.

Ƙura a bushe ake fitar da ita

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba ruwa a kan kafet mai ƙura. Ƙura da ruwa taɓo ne, kuma taɓon can gindin gashi yake sauka ya daskare. Darduma da kafet ɗin tsakiyar ɗaki a fitar da su waje, a rataya a kan igiya mai ƙarfi ko katanga, bayansu na kallon mai bugu, a yi ta bugu da sanda mai faɗi har ƙura ta daina tashi. Mai bugun ya sa takunkumi, ya tsaya inda iska ke kwashe ƙurar daga gare shi. Daga nan a kifa shi a rana awa uku zuwa huɗu. Zafin rana yana kashe ƙwarin, kifawar kuma tana kare launi daga koɗewa. A sake bugawa kafin a shigar da shi.

Wanda aka shimfiɗa bango zuwa bango ba ya fita, sai injin zuƙe ƙura. Sau biyu a mako a wuraren da ake yawan takawa, a hankali ake tura shi, a bi wuri ɗaya sau huɗu ko biyar, a tsaye sannan a gicciye. Injin da matacinsa ya yage ko jakarsa ta cika, ƙura yake ɗauka ta gaba ya hura ta baya. Gidan da ke da mai asma ya nemi inji mai matacin HEPA, wanda ke tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman mikiron 0.3 (mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ko da shi, mai asma ya bar ɗakin, kada ya dawo sai bayan awa ɗaya zuwa biyu, tagogi a buɗe.

Tabo

Dokar tabo ɗaya ce: dannawa ake yi, ba dirza ba. Dirza tana faɗaɗa tabon, ta kuma lalata gashin wurin ya koma kamar kan da ba a taje ba. A ɗauki farin tsumma, a danna daga gefen tabo zuwa tsakiya. Haɗin da ya wadatar ga yawancin tabo shi ne ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke a cikin lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi. Ya yi kama da kaɗan, amma ya isa. A gwada shi a lungun da ba a gani, a ga ko launi zai zuba.

Manja da miya: a kankare da cokali tukuna, a barbaɗa garin sitaci ko bekin soda, a bar shi minti 20 ya tsotse man, a share, sannan a sa haɗin sabulu. Shayi da zoɓo: bayan sabulu, a bi da kofi ɗaya na farin khal a cikin kofi biyu na ruwa. Jini da ruwan sanyi kawai ake taɓa shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama. Cingam a ɗora masa ƙanƙara a leda har ya yi tauri, a ɓamɓare. Lalle rini ne, idan ya kwana a kan ulu da wuya ya fita, gara a haƙura da a ƙona wurin da sinadari.

Fitsarin yaro ya fi buƙatar bayani, domin a nan tsarki da tsafta suke haɗuwa. Mutane sukan kwara bokiti guda su tafi, ruwan ya ratsa ya kwanta ƙarƙashi, bayan kwana uku ɗaki ya ɗauki zarni. A fara tsane fitsarin da tawul, a taka shi da ƙafa. A zuba ruwa mai tsarki kofi ɗaya, a tsane, a maimaita sau uku ko huɗu har launi da wari su tafi. Sannan a ɗage wurin, a sa kujera ƴar tsugunno ko bokiti a ƙarƙashi don iska ta shiga ta sama da ƙasa, a kunna fanka. Kada a zuba Hypo a kan fitsari, kada kuma a haɗa ta da khal. Duka biyun suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu.

Wankin gida da inda yake lalacewa

Darduma ta roba ana iya wanke ta a gida a kan siminti mai gangare, da sassafe, a ranar da ba hadari. Buroshi mai laushi, sabulu kaɗan, ɗauraya mai yawa. Omon da ya rage a cikin gashi yana bushewa da danƙo, ƙura ta manne masa, shi ya sa kafet ke yin baƙi mako biyu bayan wanki har a ce wanki ɓata shi yake yi. A ci gaba da ɗauraya har kumfa ta daina fita idan an danna, a tura ruwan waje da katako mai faɗi ko robar goge tayil, a bi kwanciyar gashi.

Bushewa ita ce komai. Fumfuna tana fara kama jiƙaƙƙen kafet cikin awa 24 zuwa 48, kuma idan ta kama bayansa turare ba ya maganinta, wari biyu kawai zai haɗa. Ana rataya kafet ne yadda iska za ta bi ta gefe biyu, ba a bar shi kwance a ƙasa ba. Sama yakan bushe alhali gindi na jiƙe, saboda haka a danna farar takarda da ƙarfi a bayansa kafin a naɗe. Wanda ba shi da tabbacin rana ta wuni guda, ya jinkirta wankin. A Arewa, Oktoba zuwa farkon Nuwamba lokaci ne mai kyau, ruwa ya ɗauke, hazo bai kankama ba. Maris zuwa Afrilu kuma ya dace da fitar da ƙurar hunturu.

Wata ɗabi'a da ya kamata a bari: yayyafa fiya-fiya a kan kafet don kashe kuɗin cizo ko ƙuma. Gubar tana zama cikin gashi, yaro ya shafa ya kai baki. Kuɗin cizo ma ba a tsakiyar kafet yake zama ba, a ɗinkin katifa da tsagin gado da gindin bango yake ɓuya.

Lokacin kiran masu inji

Kafet na bango zuwa bango ba a wanke shi da bokiti, domin babu inda ruwan zai fita. Aikin injin da ke fesa ruwan zafi ya kuma zuƙe shi nan take ne, kuma amfaninsa duk a zuƙewar yake: yana fitar da sabulu da dattin gindi da kashin ƙwari, abin da hannu ba zai iya ba. Masu ƙera kafet sukan ba da shawarar a yi haka duk wata 12 zuwa 18. Gida mai ƙananan yara ko mai asma ya mayar da shi wata shida. Masallacin unguwa ya yi kafin azumi da bayansa, ana ɗaukar sahu-sahu don kada a rasa wurin salla. Darduma ta ulu mai tsada ita ma hannun wanda ya san ulu take buƙata. Masu wankin mota suna karɓar kafet, kuma ga na roba ba laifi, amma famfonsu mai ƙarfi yakan ɗaye gam ɗin baya, ya warware gefen na ulu.

Kafin a yi ciniki a tambayi mai aikin abu huɗu: zai zuƙe ƙura a bushe kafin ya sa ruwa? Wane sinadari zai sa, kuma zai gwada a lungu? Zai ɗauraye da ruwa zalla? Awa nawa zai ɗauka ya bushe? Aiki mai kyau yakan bushe cikin awa 6 zuwa 12 idan akwai fanka da iska. Wanda ya ce kwana biyu, injinsa ba ya zuƙa yadda ya kamata. A shirya zancen wuta tun da wuri, domin idan aka ɗauke ta bayan an fesa ruwa kafin a zuƙe, an yi ɓarna, sai an tanadi janareta. Bayan an gama, a sa leda a ƙarƙashin ƙafafun kujeru, don fentin katako da tsatsar ƙarfe suna zuba a kan danshi su bar tabon da ba ya fita. Idan wani tabo ya sake bayyana washegari, dattin gindi ne ya biyo danshi ya hau sama. A ɗora farin tawul mai kauri a wurin, a danne da abu mai nauyi ya kwana.

Akwai kafet ɗin da ba a wankewa. Wanda ruwan kwata ko na masai ya malale a kansa lokacin ambaliya, da wanda ya wuce kwana biyu a jiƙe har bayansa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, a cire shi tare da soson da ke ƙarƙashinsa, da safar hannu da takunkumi. A wanke simintin da sabulu, a ɗauraye, sannan a goge da ruwan Hypo da aka sirka kamar yadda aka rubuta a jikin robar, tagogi a buɗe. A bar ɗakin ya sha iska kwana biyu ko uku. A manna leda mai faɗin taku ɗaya a kan simintin da salatif ta kwana: idan da safe ƙarƙashinta ya yi gumi, ƙasan bai bushe ba, ko danshi na tasowa daga tushe. Irin wannan ɗaki tayil ya fi dacewa da shi, da darduma ƙarama da za a iya ɗauka a kai rana.